Yadda Ake Zaɓen Kamfanin Ƙera Motar Kwana da Kayan Cikinta

Motar kwana ita ce motar ɗaukar kaya mai rufaffen baya da aka gyara cikinta ta koma ɗaki: gado, ɗan kicin, ruwa, wutar lantarki, wani lokaci har da banɗaki. Sana'ar ta daɗe, domin tun 1951 kamfanin Westfalia na Jamus ya fara yi wa motocin Volkswagen irin wannan aiki. A yau masu yin sa sun yi yawa, daga manyan masana'antu zuwa mutum ɗaya mai ɗan gareji, kuma kowa ka duba hotunan aikinsa sai ka ga gwanin sha'awa. To amma hoto, fenti da katako kawai yake nunawa. Abin da ke raba aikin kirki da na ha'inci yana ɓoye a bayan bango da ƙarƙashin daɓe: wayoyin wuta, bututun gas, kusoshin da suka riƙe kujera, da nauyin da aka jibga wa motar. Can ya kamata idonka ya tsaya.

Fara da takarda, kafin ka kira kowa

Zauna ka rubuta amsar tambayoyi huɗu. Mutum nawa ne za su zauna a motar tana tafiya, kuma nawa ne za su kwana? Kwana nawa za ka yi a jere ba tare da ka jona wutar gari ko ka cika ruwa ba? A zafi za ka fi amfani da ita ko a sanyi? Kuma ita ce motarka ta yau da kullum, ko ta tafiya ce kaɗai? Duk wani zaɓi da ke gaba daga amsoshin nan yake fitowa. Idan da hali, ɗauki hayar irin motar da kake so ka kwana uku a ciki. A daren farko za ka gane ko za ka jure naɗe gado kowace safiya, ko kuwa sai gado na dindindin.

Zaɓen motar kanta

Ƙananan motoci irin Volkswagen Transporter da Ford Transit Custom tsawonsu kusan mita 5 ne, tsayinsu daga ƙasa zuwa rufi kuma kusan mita 2, don haka suna shiga wuraren ajiye motoci masu rufi. Illarsu ita ce ba ka iya miƙewa tsaye a ciki sai an yanka rufin an saka wanda ake ɗagawa. Manyan kuwa, irin Fiat Ducato da Mercedes-Benz Sprinter da Ford Transit da Renault Master, masu dogon rufinsu kan ba ka wajen mita 1.9 daga daɓe zuwa silin. Kada ka manta daɓen da za a shimfiɗa da silin da za a buga za su cinye santimita 5 zuwa 8 daga ciki.

Akwai wani bambanci da ke sauya fasalin ɗakin gaba ɗaya. Faɗin cikin Ducato, da 'yan'uwanta Peugeot Boxer da Citroën Jumper da ke da bodi iri ɗaya, ya kai mita 1.87, don haka mai matsakaicin tsawo zai iya kwanciya a gicciye, gadon ya ci wuri kaɗan. Sprinter ta fi ƙunci. A cikinta ko dai a miƙe gadon ta tsawo, ya cinye wurin kicin, ko a yanka gefen motar a saka kumburin roba mai ƙara faɗi.

Kada ka sayi mota sai ka yi magana da mai aikin. Wasu kamfanoni mota iri ɗaya ko biyu kawai suke taɓawa, domin kabad ɗinsu an riga an auna shi da ita. Idan ta hannu za ka saya, sa bakanike ya duba tsatsa a ƙasanta da bakin ƙofofi da kewayen tayoyi. Asara ce a zuba kuɗin sabon ɗaki a cikin bodin da ya fara ruɓewa.

Nauyi: a nan mafi yawa suke faɗawa rami

Kowace mota tana da ɗan allon ƙarfe ko takarda a jikin ƙofa ko cikin bonet mai nuna iyakar nauyin da aka yarda ta kai, da iyakar abin da tayoyin gaba da na baya za su ɗauka kowanne daban. Yawancin manyan motocin nan iyakarsu kilo 3,500 ce, kuma a ƙasashen Turai da Birtaniya lasisin tuƙi na gama-gari a nan ya tsaya. Wanda ya wuce iyakar zai iya gamuwa da tara, inshora na iya ƙin biya idan an yi haɗari, birki ya ƙara nisan tsayawa, tayoyi su yi zafi.

Ga yadda ake lissafin. A ɗauka motar ba komai a ciki kilo 2,100 ce, aikin ciki kuma ya ɗauki 650. Ruwa lita 100 kilo 100 ne cif. Man dizal lita 90 kusan kilo 75. Tukunyar gas ta ƙarfe mai cin kilo 11 takan kai wajen kilo 24 idan an cika ta. Mutum biyu, a ce 150. An kai 3,099 ke nan, saura kilo 401 na tufafi, abinci, tukwane, kujerun waje, kekuna da rumfar gefe. Wannan ya wadatar. Amma da a ce an yi kabad da katako mai nauyi, an saka tayil a banɗaki, an ƙara kujerun mutum biyu da tanki mai lita 150, sai ka tarar ragowar ba ta kai kilo 100 ba tun ba ka saka ko cokali ba.

Saboda haka tambaya ta farko ga kowane kamfani ita ce: nawa motar za ta auna idan kun gama, kuma za ku ba ni takardar sikeli? Mai aikin da ya san sana'arsa yana da amsa a bakinsa, har zai gaya maka inda zai ajiye tanki da batir don kada nauyin ya taru a baya ko a gefe guda. Wanda ya ce “ai ba komai, za ta ɗauka”, gode masa ka kama gabanka.

Yadda ake tantance kamfani

Ware guda uku, ka je garejin kowanne da ƙafarka. Gani ya kori ji. Kada ka tsaya a motar da aka gama aka goge. Nemi a nuna maka wadda ake tsakiyar aikinta, bangonta a buɗe. Ka duƙa ka duba waɗannan:

Inda aka yanka ƙarfe don taga ko fankar rufi, an goge bakin an shafa masa fentin hana tsatsa? An share garin ƙarfen da ya zube? Wannan gari, idan aka bar shi a kan fenti ya sha danshi, cikin 'yan kwanaki zai zama ɗige-ɗigen tsatsa. Inda waya ta ratsa ƙarfe, an sa mata zoben roba ko bututu? Mota kullum cikin jijjiga take, kuma bakin ƙarfe a hankali yake cin rigar waya har ta haɗu da bodi. Da yawa daga gobarar irin waɗannan motoci daga nan take tashi. Sannan wayar kanta mai silli-silli ce mai lanƙwasuwa, ko mai ƙwaya ɗaya ce irin ta ginin gida? Ta gida karyewa take yi da jijjiga. Kabad ɗin da me aka kafe shi? Ya kamata ya zama da noti da ƙusa mai zare a jikin haƙarƙarin motar. Kabad da aka ɗaure a jikin siririn katakon bango kawai, ranar da aka taka birki da ƙarfi zai taso ya sami na gaba.

Bayan ido sai takardu. Tambayi wa ke yin aikin gas, wa ke yin na lantarki, da shaidar ƙwarewarsu. A Turai ƙa'idar gas ta irin waɗannan motoci ita ce EN 1949, ta wutar batir EN 1648, ta shigar iska kuma EN 721. A Birtaniya ana neman mai rajista da Gas Safe, wato kundin masu aikin gas da aka amince da su, wanda takardarsa ta haɗa da motocin shaƙatawa. A Jamus kuwa hukumomin bincike irin TÜV da DEKRA ne ke duba motar kafin a sauya mata rajista. Ko ina kake, nemi sanin abin da hukumar rajistar motoci da kamfanin inshora suke buƙata tun kafin a taɓa motar. Masu ƙera motoci ma suna fitar da littafin jagora ga masu irin wannan aiki, mai nuna inda aka hana hudawa ko yankawa. Tambayi mai garejin ko yana bin sa, domin yanka a wurin da aka hana yana iya soke garantin motar.

Daga ƙarshe, nemi a haɗa ka da wanda ya karɓi motarsa shekara biyu ko uku da suka wuce. Wanda ya karɓa jiya murna ce kawai a bakinsa. Tsohon mai saye shi zai gaya maka ko rufi ya yi yoyo, ko ƙofofin kabad sun saki, kuma ko suna ɗaga waya bayan sun karɓi kuɗi.

Kujeru da rufi

Duk kujerar da mutum zai zauna a kai mota na tafiya, maganar rai ce, ba wurin neman sauƙi ba ne. A haɗari, jikin mutum da nauyin kujerar sukan fizgi daɓe da ƙarfin da ya ninka nauyinsu sau da yawa. Nemi kujerar da aka gwada bisa ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na motoci: lamba 14 ta wurin kafa bel, lamba 17 ta ƙarfin kujera. Kuma a nan akwai wata dabara ta masu talla: kujera na iya cin gwaji a kan teburin gwaji, amma yadda aka kafa ta a cikin irin motarka ba a taɓa gwada shi ba. Tambayi takardar da ta ambaci motarka. Leƙa ƙarƙashin motar ka ga ko an sa faranti na ƙarfe masu raba nauyi, ko kuwa ƙaramin zoben ƙarfe kawai aka sa a bayan noti. Idan akwai yara ƙanana, tabbatar akwai maƙalar ISOFIX, wato ƙarfen da ake kafa kujerar yara a jikinsa. Benci mai kallon gefe na zama ne idan an tsaya, ba na tafiya ba.

Rufin da ake ɗagawa yana ba da tsayi da gadon mutum biyu a sama, amma sai an yanke haƙarƙarin rufin motar kafin a saka shi. Dole a mayar da ƙarfin da aka cire da firam na ƙarfe. Kamfanoni irin SCA da Reimo suna sayar da rufin tare da firam ɗinsa. Ka sani kuma bangonsa tamfol ne: sanyi da ƙara suna shiga, kuma idan aka naɗe shi a jiƙe zai yi fumfuna.

Zafi, sanyi da raɓa

Mota akwatin ƙarfe ce. Mutum biyu da suka kwana a ciki numfashinsu kaɗai ya isa ya jiƙa bango, girki da gas kuma yana ƙara tururi. Tururin nan idan ya sami ƙarfe mai sanyi sai ya koma ruwa a bayan katako, inda ba wanda ke gani, tsatsa ta fara daga ciki. Maganin abu biyu ne. Na farko, a manna soso mai rufaffun ƙofofi, wanda ba ya shan ruwa, kai tsaye a jikin ƙarfen ba tare da barin gibi ba. A guji audugar gilashi irin ta rufin gida, domin tana riƙe danshi kuma tana zubewa ƙasa da jijjiga. Kada kuma a toshe ƙananan ramukan da ke ƙasan bango da ƙofofi, ta nan ruwa ke fita. Na biyu, iska. Fankar rufi mai ramin santimita 40 a kan 40, tare da wata kafa a ƙasa ko taga da iska za ta shigo, ta fi kowane soso amfani a lokacin zafi.

Don ɗumama ɗaki, hita mai aiki da dizal irin na Webasto ko Eberspächer yana shan mai daga tankin motar. Mai ƙarfin kilowat 2 ya ishi yawancin motoci, kuma ba ya wuce kwatan lita a awa. Kada ka yarda a saka maka mai kilowat 5 a ƙaramar mota da sunan ya fi: zai riƙa aiki a mafi ƙanƙantar wuta kullum, baƙin hayaƙi ya taru ya toshe shi. Bututun hayaƙinsa ya fita har gefen motar, nesa da taga.

Kabad kuwa a yi shi da filawud mara nauyi, kauri milimita 15. Katakon garin itace da aka matse yana da nauyi, yana kumbura idan ya sha ruwa, kuma ba ya riƙe ƙusa. Kowace durowa ta sami makulli mai kamawa, in ba haka ba kwanar farko za ta zubar da komai.

Lantarki: a yi lissafi, kada a yi ƙiyasi

Batirin ɗaki daban yake da na tayar da inji. Girmansa daga wutar da kake ci a yini ake gano shi; wutar da aka ci ana auna ta da wat-awa, girman batir kuma da amfiya-awa. Misali: firji mai kwamfireso wat-awa 400, fitilu 40, fanka 100, cajin wayoyi da kwamfuta 150, famfon ruwa 20, hita 120. Jimla 830, wato kusan amfiya-awa 70 a kan bolt 12. Batirin dalma irin AGM mai amfiya-awa 100 rabinsa kawai ake ci idan ana so ya yi ƙarko, don haka ba zai kai ka yini guda ba, ga shi kusan kilo 30. Na litiyum irin LiFePO4 mai girma ɗaya ana iya cin kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari nasa, nauyinsa kuma bai kai rabin wancan ba. Aibinsa shi ne ba a cajinsa idan sanyi ya kai ƙasa da digiri 0, sai mai na'urar kariya ko hita a cikinsa.

Hanyoyin caji uku ne, kuma gara a haɗa su. Daga inji, sababbin motoci masu ƙa'idar Euro 6, ta rage hayaƙi a Turai, suna rage wutar da altaneta ke bayarwa don tsimin mai, saboda haka tsohuwar dabarar haɗa batura biyu da makunnin da ake kira rile ba ta cika batirin ɗaki. Abin da ake so shi ne caja ta DC zuwa DC, wadda ke ɗaukar wuta daga ɓangaren inji ta daidaita ta kafin ta kai wa batirin ɗaki. Mai amfiya 30 za ta mayar maka da kusan amfiya-awa 60 a tafiyar awa biyu. Daga rana, farantin sola mai wat 200 da na'urar MPPT mai daidaita cajin sola yana iya ɗaukar nauyin lissafin da ke sama a ranar da rana ta fito sosai, amma a damina ko hunturun ƙasashe masu sanyi abin yakan ragu ƙwarai. Daga wutar gari kuma, dole a sa na'urar RCD mai katse wuta idan ta zarce.

Inbata, mai mayar da wutar batir irin ta gida, ita ke ruɗar mutane. Mai wat 2,000 tana jan fiye da amfiya 170 daga batirin bolt 12, abin da ke buƙatar waya mai kaurin yatsa, gajera, da fiyus daidai da ita. Kowace waya da ta fito daga kan batir ta sami fiyus dab da batirin, domin fiyus waya yake karewa daga kamawa da wuta. Idan kana son murhun lantarki ko na'urar sanyaya ɗaki, faɗa tun farko, domin su kaɗai za su ninka girman baturan da kuɗinsu. Ka kuma nemi zanen wayoyin a takarda, da suna a kan kowane fiyus. Ranar da wani abu ya mutu kana nesa da garejin, wannan takarda ce za ta ceci mai gyara.

Gas, ruwa da banɗaki

Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya zuba ƙasa yake kwanciya. Don haka tukunyar ta zauna a akwati rufaffe daga ɗaki, a ɗaure tsaye, da rami a ƙasansa mai fita waje. Irin gas ɗin da ake kira butan yana daina tashi idan sanyi ya kusa digiri 0, furofan kuwa yana aiki har ƙasa da haka sosai. Ko da wane irin murhu ko hita, a saka ƙararrawar hayaƙi da ta iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari kuma tana kashe mai barci, da abin kashe gobara kusa da ƙofa.

Ruwa, lissafa lita 10 zuwa 15 ga mutum a yini idan ba wanka. Tanki a ƙarƙashin mota yana ba da wuri a ciki amma yana daskarewa a sanyi. Kowane tanki ya zama da babban murfi da hannu zai shiga a wanke. Ɗakin wanka na dindindin yana cin wuri da nauyi, kuma nan ne aka fi samun yoyo. Da yawa sun wadatu da masai mai akwatin cirewa, irin na Thetford, a cikin kabad, da shawa ta ƙofar baya.

Yarjejeniya da biyan kuɗi

Komai ya shiga takarda: sunan kowane kaya da samfurinsa da girmansa, zanen ɗakin da awo, nauyin ƙarshe, ranar farawa da ta gamawa, da abin da zai faru idan aka makara. “Batirin litiyum” kawai bai isa ba, a rubuta wane kamfani, amfiya nawa. Sai da haka za ka iya gwama farashin kamfanoni uku, kuma sau da yawa za ka ga mai arahar ya tsallake abubuwan da ba a gani ne. Araha ba ta ado.

A biya kuɗi kashi-kashi: kafin alƙalami, sai kaso idan an gama wayoyi da bututu, sai na kabad, a riƙe na ƙarshe har ranar karɓa. Kada a biya duka tun farko, domin idan garejin ya durƙushe kuɗinka da motarka a buɗe za su maƙale. Takardun motar su kasance da sunanka. Tambayi inshorar wa ke kare ta tana hannunsu. Nemi a turo maka hotuna kafin a rufe kowane bango. Duk canjin da ka nema a tsakiyar aiki, a rubuta kuɗinsa da nauyinsa kafin a yi. Garantin kuma ya fayyace shekara nawa ne, ko ya haɗa da yoyon ruwa, da wanda zai gyara idan kana wata ƙasa.

Ranar karɓa

Ware awa uku, ka je da rana. Sa a watsa wa rufi da tagogi ruwa da tiyo na minti goma, kana ciki da tocila kana shafa kusurwoyi. Cika tanki, buɗe kowane famfo, leƙa ƙarƙashin kabad ko akwai ɗiga. Kunna hita ya yi rabin awa. Tayar da inji ka ga batirin ɗaki yana karɓar caji, sannan a jona wutar gari a danna maɓallin gwajin RCD. Shimfiɗa gadon da hannunka, ka naɗe shi. Fita da motar kan hanya mai gargada, rediyo a kashe, kana sauraron ƙara. Daga nan ka wuce sikeli da cikakken tankin mai da na ruwa, a auna tayoyin gaba daban, na baya daban, ka gwama da allon jikin ƙofa. Duk abin da bai yi ba a rubuta shi, ku sa hannu ku biyu tare da ranar gyara. Karɓi takardar gwajin gas, ta lantarki, ta kujera, zanen wayoyi da littattafan kayan, sannan ka sanar da kamfanin inshora da hukumar rajista cewa motar ta sauya kafin ka yi tafiyar farko.